Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabunta Windows: a daina fara gyara da fomatin

A shagunan gyaran kwamfuta na Daura da Katsina, har zuwa Farm Centre ta Kano, akwai jumlar da ta fi kowace saurin fitowa daga bakin mai gyara: "Sai an yi mata fomatin." Ɗalibi ya kawo laftof ɗinsa. Jiya da dare ta ce za ta sabunta kanta, ya bar ta a jikin caja ya kwanta. Da safe ya danna maɓalli, tambarin HP ya fito, ɗigo-ɗigon nan suka yi ta zagaye, allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Kafin ya gama bayani an zaro filashi daga aljihu. Bayan awa guda ga kwamfuta tana aiki sumul, an zuba mata Chrome da Office da VLC, ya biya ya yi godiya. Sai ya isa ɗaki yake tuna cewa babi uku na furojet ɗinsa, da hotunan bikin yayarsa, da takardun makarantar da ya yi wa sikanin, duk a cikinta suke. Sun bi ruwa.

Abin takaicin shi ne, lokacin da ya shiga shagon, da wuya a ce ya rasa fayil ko ɗaya. Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabuntawa yawanci kayanta na nan daram a ma'adanarta, hanyar shiga ce kawai ta toshe. Fomatin ɗin ne ya hallaka su. Shi ya sa ya kamata fomatin ya koma matakin ƙarshe, bayan an kwashe kaya, kuma mai kwamfuta ne ya kamata ya dage a kan haka, domin shi ne zai yi asara.

Maganar ta ƙara zafi ne saboda ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina bai wa Windows 10 tallafin tsaro na kyauta, bayan shekara 10 da fitowarta. Tun kafin ranar kwamfutoci ke ta nuna sanarwar a koma Windows 11. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, da Secure Boot, da RAM aƙalla 4GB, da ma'adana 64GB, da furosesa na Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Duk wanda ya san irin laftof ɗin da ke hannun ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko Jami'ar Sufuri, ko Kwalejin Yusuf Bala Usman, ya san da yawansu na hannu ne da aka gama amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460. Waɗannan ukun duk zubi na 6 ne. Suna aiki lafiya lau, amma ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince da shi. Sai aka shiga yi musu ɗura, ana amfani da manhajar Rufus wajen tsallake sharuɗɗan. Wasu su karɓa, wasu su tsaya a hanya.

Ga kuma wuta. Wayar Android ba ta yarda ta fara sabuntawa idan batirinta ya yi ƙasa, kuma tun daga Android 7 wayoyi da dama na ajiye tsohuwar manhaja a gefe guda su zuba sabuwa a ɗaya gefen, ta yadda idan sabuwar ta ƙi tashi sai a koma tsohuwar. Laftof ɗin da batirinsa ya mutu tun shekara biyu, wanda sai da caja yake numfashi, ba shi da wannan gatan. Haka kwamfutar tebur ta kafe ko shagon buga takardu da ba ta da UPS. Allo yana rubuta cewa kada a kashe, kashi 63 cikin ɗari, sai NEPA ta ɗauke, ko man janareto ya ƙare. A watannin Afrilu da Mayu zafi kaɗai ya isa ya kashe laftof ɗin da ƙurar hunturu ta cika wa fanka, tana tsakiyar aiki.

Me ke faruwa idan an danna maɓalli?

Kwamfuta ba ta faɗawa Windows kai tsaye. Da farko wata ƙaramar manhaja da ke manne a jikin allon ƙarfenta, BIOS ko UEFI, ita ke farkawa ta duba kayan aiki. Daga nan ta nemi wani ɗan yanki na ma'adana, wanda galibi bai wuce 100MB zuwa 'yan ɗaruruwa ba, inda aka rubuta adireshin da Windows take. Sannan Windows ta ɗauko direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta gane ma'adana da allo da sauran sassa. Sai a ƙarshe a ga wurin saka fasuwod. Fayilolin mai kwamfuta, na Desktop da Documents da Downloads, suna can a foldar Users, kuma babu ruwansu da waɗannan matakan. Idan adireshin ya goge, ko direba ɗaya ya ƙi jituwa da sabuwar Windows, tashi ya gagara. Kamar makullin ƙofar zaure ne ya karye, kayan ɗaki na ciki ba abin da ya same su. Fomatin kuwa rushe gidan ne a sake gini.

Duniya ta ga misalin wannan ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gurɓataccen sabuntawa. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urorin Windows miliyan 8.5 ne suka faɗa shuɗin allo. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, kamfanin jiragen Delta na Amurka kaɗai ya soke dubban tafiye-tafiye. Maganin da aka bayar shi ne a shiga Safe Mode, a buɗe foldar CrowdStrike, a goge fayil ɗaya da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Shi ke nan. Da a ce ƙa'idar shagunanmu aka bi, da an share ma'adanar kwamfuta miliyan 8.5 saboda fayil ɗaya.

Bayan wata guda, sabuntawar tsaro da Microsoft ta fitar ranar 13 ga Agusta, 2024 ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu ɗauke da Windows da Linux tare, irin haɗin da ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke yi da Ubuntu. Saƙon da ke fitowa mai firgitarwa ne, yana maganar "Security Policy Violation". A can ma kashe Secure Boot na ɗan lokaci da goge wani saiti ɗaya ne ya buɗe hanya, ba wanda ya buƙaci share komai.

Abin da za a gwada kafin a fita daga gida

Na farko haƙuri ne, kuma shi ya fi wuya. Laftof mai tsohuwar ma'adana ta HDD da RAM 4GB na iya shafe awanni tana zagaye a lamba ɗaya alhali aiki take yi. Idan ƙaramar fitilar ma'adana tana ƙyaftawa, a bar ta a jikin wuta mai tabbas, ko da a shagon cajin waya mai sola ne. Mutane da yawa da hannunsu suke katse sabuntawar, don sun ga ta daɗe.

Idan ta tabbata ta maƙale, a cire duk abin da ke jikinta: filashi, modem, firinta, katin memori. Filashin da aka manta a jiki kaɗai na iya sa kwamfuta ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba. A kashe, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, a sake gwadawa.

Idan ba ta tashi ba, Windows na da ɗakin gyara nata na ciki. A kunna, da zarar tambari ya fito a danne maɓalli har ta mutu, a maimaita sau biyu ko uku. Za ta kai mutum wani shuɗin shafi mai zaɓuɓɓuka. A shiga Troubleshoot, sannan Advanced options. A nan akwai Startup Repair, wanda ke gyara adireshin tashi da kansa. Akwai Uninstall Updates, wanda ke cire sabuntawar da ta jawo rikicin, ko ƙaramar ta wata-wata ko babbar. Akwai Startup Settings, inda danna lamba 4 ke kai mutum Safe Mode, wato Windows da ke tashi da direbobi kaɗan, inda za a iya kwashe fayiloli a cire direban da ya kawo cikas. Wanda ya haura daga Windows 10 zuwa 11 yana da kwana 10 na komawa baya, domin tsohuwar tana ajiye a wata folda mai suna Windows.old. Duk mai goge wannan foldar don neman fili a ranar farko ya datse wa kansa hanyar dawowa.

Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. A cikin ɗakin gyaran, idan aka buɗe Command Prompt aka rubuta notepad, sannan aka danna File da Open aka zaɓi All Files, za a ga foldojin kwamfutar gaba ɗaya. A soka filashi, a kwafi furojet ɗin a liƙa a ciki. Ba kyan gani, ba ya nuna ci gaban kwafin, amma yana aiki. Wanda ya yi wannan, ko me ya biyo baya hankalinsa a kwance yake.

Saƙon da ke kan allo ma shaida ne, kuma waya na hannu: a ɗauki hotonsa. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta farka amma ta kasa karanta ma'adana, kuma sau da yawa saitin BIOS ne ya sauya tsakanin AHCI da RAID. "No bootable device" na iya nufin an juya daga Legacy zuwa UEFI alhali ma'adanar na kan tsohon tsarin MBR, abin da ke faruwa da masu kunna Secure Boot don su cancanci Windows 11. A tsofaffin kwamfutocin tebur, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, idan ya mutu saitin BIOS na iya komawa na masana'anta duk lokacin da aka zare wuta. Alamarsa ita ce agogon kwamfuta ya riƙa komawa shekarun baya. Ana shiga BIOS da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Kafin a taɓa komai a ciki a ɗauki hoton yadda aka same shi, kuma a sauya abu ɗaya a lokaci guda.

Lambobi 48 da ke cikin waya

Wani allon kuma ba kuskure yake nunawa ba, mabuɗi yake nema. Sunansa BitLocker, tsarin da ke kulle ma'adana ta yadda ɓarawo ba zai iya karanta ta ba. Idan ya ga an sauya wani abu a BIOS ko TPM, sai ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Sabuntawar Yuli 2024 ta jefa wasu kwamfutoci cikin wannan allon, kuma Microsoft ta amsa hakan. Daga Windows 11 zubin 24H2, kullewar na iya kunna kanta a sabon zubi idan an shiga da asusun Microsoft, har a Windows Home, mai kwamfuta bai ma sani ba.

A nan ne waya ke ceton kwamfuta. Mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka shiga da shi, kuma ana ganinsa daga burauzar waya a aka.ms/myrecoverykey. Matsalar ita ce, wane asusu? A wurare da yawa mai shago ne ke saita sabuwar laftof, kuma don ya wuce shafin da sauri sai ya saka imel ɗinsa, ko ya ƙirƙiri wani nan take wanda shi ma ba zai tuna ba gobe. Wanda ya sayo laftof a Kano ya dawo da ita Zango ko Baure, ranar da allon nan ya fito, mabuɗin kayansa na hannun mutumin da bai riƙe ko lambar wayarsa ba. Idan babu mabuɗin, babu injiniyan da zai buɗe, Microsoft kanta ba ta iya sake ƙirƙiro shi. Duk mai laftof da ke aiki a yau ya kamata ya duba imel ɗin wa ke kanta, ya buɗe wancan shafin, ya rubuta lambobin a takarda.

Masu gyara ma suna da hujja

Ba mugunta ce ke sa mai gyara zaro filashi ba. Fomatin aiki ne da ya san farkonsa da ƙarshensa, da kuɗin da kowa ya saba biya. Bincike kuwa na iya cin yini guda, janareto na shan mai, a ƙarshe ya gano saiti ɗaya ne ya juya. Idan ya gyara cikin minti biyar bayan awa uku na nema, sai kwastoma ya ce, "Haba Malam, ai ba abin da ka yi mata," ya miƙa abin da bai kai kuɗin mai ba. Wanda aka yi wa haka sau uku zai koma fomatin, kuma da wuya a ga laifinsa. Ga shi da yawan masu gyaran a hannun ubangida suka koya, wanda shi ma abin da aka nuna masa ke nan.

Kuma gaskiya ne wani lokaci sabuntawar da kanta ke cin fayil. A Oktoban 2018 Microsoft ta janye wata babbar sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitowarta saboda ta goge takardun wasu mutane. Wani lokaci kuma ma'adanar ce dama ke gab da mutuwa, nauyin rubuce-rubucen sabuntawa ya ƙarasa ta. Idan HDD na ƙara ƙwas-ƙwas, a kashe nan take, domin kowace kunnawa ƙara lalata ta take yi, kuma fomatin ba ya warkar da ƙarfen da ya lalace. Akwai kuma Windows ɗin da ta dagule har sake zubi ya fi sauƙi da tsafta.

Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya halatta a share kafin a kwashe. Kwashe kaya ba ya buƙatar Windows ta tashi. Filashi mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint na tayar da kwamfutar ba tare da an zuba komai ba, a buɗe ma'adana a kwafe. Ko a kwance ma'adanar a saka ta a ƙaramin akwatin USB a jona da wata kwamfutar. Kayan aikin ba su da tsada, kuma shagon da ke karɓar kwamfutocin mutane ya kamata ya mallake su kamar yadda ya mallaki sukudireba. Bambancin kafin da bayan fomatin babba ne. A tsohuwar HDD, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan iya tono wani abu idan ba a rubuta sabo a kansa ba, amma zuba sabuwar Windows rubutu ne a kansa. A SSD kuwa akwai tsarin TRIM da ke share gurbin da aka goge, don haka abin da ya tafi galibi ya tafi ke nan. Mai ɗaukar hoto da ya tara hotunan Hawan Magajiya da na Sallar Gani na shekaru, ko mai shagon da ke riƙe da takardun neman aikin rabin unguwa, ba shi da inda zai sake samo su.

Saboda haka gyaran na ɓangare biyu ne. Mai gyara ya riƙa tambaya kafin ya taɓa: akwai abin da kake buƙata a ciki? Ya kuma sa wa kwashe kaya da bincike farashinsu daban, a faɗa tun farko. Mai kwamfuta kuma ya yarda cewa ilimin gano matsala abin biya ne, ko da gyaran bai wuce danna maɓalli biyu ba. Wanda ke biyan kuɗin data don kallon TikTok kowane mako bai kamata ya yi ƙyashin biyan wanda ya ceto masa aikin shekara guda ba.

Shin dole ne a koma Windows 11?

Ba dole ba ne a yau, kuma ba a kowace kwamfuta ba. Windows 10 ba ta daina aiki ranar 14 ga Oktoba ba, facin tsaro ne ya tsaya. Microsoft ta buɗe shirin ƙarin tallafi na ESU ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Ita kanta ta yi gargaɗin cewa kwamfutar da aka yi wa ɗurar Windows 11 ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Tsofaffi sosai, irin masu Core 2 Duo da har yanzu ake gani a wasu kafe-kafe inda yara ke koyon jarrabawar JAMB ta kwamfuta, zubin 24H2 ba ya tashi a kansu sam, domin furosesar ba ta da wani umarni da yake buƙata. Yi wa irin waɗannan ɗura gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ga wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu da koyon furogiramin ba, Linux Mint na tafiya da sauri a kan EliteBook ta zubi na 6, kuma kyauta ce. Wanda aikinsa ya rataya a kan CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu zanen katin biki da fosta, shi Linux ba za ta yi masa ba, gara ya tsaya a Windows 10 da ESU yana tara kuɗin 840 G5 ko makamanciyarta.

Wanda kwamfutarsa ta cancanta kuma ya yanke shawarar haurawa, ya zaɓi ranar da yake da wuta mai tabbas ta awanni, ba daren da zai miƙa aiki da safe ba. Kafin ya danna, ya tura abin da ba zai iya rasawa ba zuwa wani wuri. Google Drive na ba da 15GB kyauta a kan asusun Gmail ɗin da ke wayarsa, furojet gaba ɗaya kuwa da wuya ya kai girman bidiyo ɗaya na WhatsApp. Idan data ta yi tsada, wayar caji ta USB ta isa a kwafe foldar zuwa cikin wayar kanta.